Bindiga tana dukan kumatuna, tsuntsu kuma yana wuce ni: in yanke ƙotar ne?

"Assalamu alaikum Malam. Ni mazaunin Agege ne, ina da bindiga mai baki biyu, lamba 12 (girman bakinta ke nan), da lasisinta. Ƙarshen mako mukan fita farauta wajen Epe ni da abokai. Matsalata ita ce idan abu yana tsaye ina samunsa, amma da fakara ko zabo sun tashi sai in harbi iska. Ga shi duk ranar da na yi harbi da yawa sai kuncina na dama ya kumbura, damtsena ya yi baƙi. Ni gajere ne, ban wuce ƙafa 5 da inci 5 ba, kuma ina da faɗin fuska. Na ga a YouTube Turawa suna kai bindiga a auna musu ita daidai jikinsu. Wani abokina ya ce in ba kafinta ya rage ƙotar kawai. Shin aunawar nan tana da amfani ko salon cin kuɗi ne? Kuma yaya mutum zai yi a nan Legas?"

Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya ƙara lafiya. Idan na fahimce ka, abu uku kake son sani: ko bindigar ce ba ta dace da jikinka ba, ko gyaran ƙota zai kawo ƙarshen kuskuren harbin da ciwon, sannan wa za ka kai wa a garin da muke. Aunawa tana da amfani ƙwarai, kuma alamomin da ka faɗa sun yi kama da na mutumin da ƙota ta yi masa tsawo. Amma ina roƙonka kada ka bari zarto ya taɓa katakon nan tukuna. Katakon da aka yanke ba ya komawa, kuma na sha ganin an rage ƙota mai kyau a banza alhali cutar tana wurin ido ko wurin ɗaukar bindigar.

Idonka shi ne saitin baya

Bindigar da ke harba harsashi guda tana da saiti biyu, na gaba da na baya. Mai harbi yana daidaita su, ya riƙe numfashi, ya ja kunama. Irin taka, wadda ke watsa 'ya'yan dalma, ɗan ƙwallo ɗaya ne kawai a bakinta. Ba a manta da na bayan ba, ƙwayar idonka ce take tsayawa a madadinsa. Abin da ke ajiye idon a wurinsa kuwa shi ne katakon da kake ɗora kunci a kai. Idan katakon ya ajiye idon sama, bindiga za ta harbi sama. Idan ya tura shi hagu, za ta harbi hagu. Duk inda ido ya karkata, can dalma take bi.

Wannan ne ya sa kake samun abin da ke tsaye. Gada ko gyazbi yana tsaye, kana da lokacin da za ka lanƙwasa wuya, ka matse kunci, ka gyara har saiti ya zauna. Fakara kuwa ba ta ba ka wannan damar. Ta fashe daga ƙarƙashin ƙafarka da ƙarar fukafukai, kafin ka ce kwabo ta shige bayan kwakwar manja. A wannan ɗan lokacin idonka yana kan tsuntsu, bindiga kuma dole ta zo da kanta ta nuna inda kake kallo. Manomi ya san wannan a fartanya: idan ƙotar ba daidai tsayinsa ba ce zai yi noman, amma bayansa ne zai biya, kuma kunyar ba za ta miƙe ba.

Bari in ba ka lissafin don ka ga ƙanƙantar abin da muke magana a kai. Tsakanin idon mai harbi da bakin bindiga kusan yadi 1 ne. Saboda haka duk kaucewar da ido ya yi, ana ninka ta da yawan yadin da ke tsakaninka da abin harbi. Idan idonka ya kauce da kwatan inci kawai, a nisan yadi 16 tsakiyar dalmar ta kauce da inci 4, a yadi 40 kuma ta kauce da inci 10. Da'irar da ake auna watsuwar dalma da ita a yadi 40 faɗinta inci 30 ne, wato inci 15 daga tsakiya zuwa baki. Ka ga kwatan inci ya cinye maka kashi biyu cikin uku na wannan rabin. Tsuntsun ko dai ya tsira, ko kuma gefen dalma ya karya masa ƙafa ya je ya mutu a daji inda ba wanda zai yanka shi. Wannan na biyun shi ya fi damuna, domin asara ce kuma cutar da dabba ce.

Abin da ake aunawa a jikin ƙota

Kamfanoni suna ƙera bindiga ne don matsakaicin mutum a ƙasashensu. Yawancin waɗanda ke fitowa daga masana'anta, ko ta Italiya ce irin Beretta, ko Baikal ta Rasha, ko na Turkiyya, tsawonsu daga kunama zuwa tsakiyar gindin ƙota yana kusa da inci 14 da kwata zuwa 14 da rabi. Ga mutum mai tsayinka wannan yakan yi yawa, ko da yake ba tsayi kaɗai ake dubawa ba, har da tsawon hannu da wuya da kaurin ƙirji. Idan ƙota ta yi tsawo, takan maƙale a riga wajen hammata yayin ɗagowa, sai gindinta ya sauka a kan damtse maimakon lungun da ke tsakanin kafaɗa da ƙirji. Baƙin da kake gani a damtsenka ke nan. Idan kuma ta yi gajarta, babban yatsanka ne zai doki hancinka, dukan baya ma, wato naushin da bindiga take yi wa kafaɗa idan ta tashi, ya ƙaru. Ma'aunin da nake amfani da shi shi ne idan ka ɗora bindiga daidai, ya zama akwai faɗin yatsa biyu tsakanin hancinka da gindin babban yatsan hannun da ke riƙe da wuyan ƙota. Akwai tsohon gwajin nan na ɗora gindin bindiga a lanƙwasar gwiwar hannu a ga ko yatsa ya kai kunama. Wannan tsawon hannunka kawai yake gaya maka, bai san komai game da wuyanka da fuskarka ba.

Awon da ya fi kowanne muhimmanci shi ne tsayin doron ƙota, inda kunci yake kwanciya. Ana ɗora doguwar rula a kan bututun bindiga ta wuce har bayan ƙota, sai a auna tazarar da ke tsakanin rular da katako. A gaba yakan kai inci 1 da rabi, a can ƙarshe kuma inci 2 da kwata zuwa 2 da rabi. Idan doron ya yi tsayi, za ka ga bututun ya shimfiɗu a gabanka kamar hanya, harbi ya tafi sama, kai kuma ka riƙa danna kunci da ƙarfi don ka sauko da shi, sai katako ya rama a kan ƙashin fuskarka. Idan ya yi ƙasa kuwa lamarin ya fi muni. Idon dama yakan nutse a bayan ƙarfen bindiga ya daina ganin komai, sai ko dai ka ɗaga kai daga katako, ko idon hagu ya karɓe aikin. Mai ɗaga kai shi ma yana shan duka, domin bindiga tana samun filin da za ta zaburo ta mare shi. Kumburin kunci ɗaya ne, amma dalilan nan biyu kishiyoyin juna ne, shi ya sa ba a yanke hukunci daga jin labari.

Faɗin fuskarka ya kawo mu ga karkatar ƙota. Ƙotar na-dama ana ɗan kautar da ita zuwa dama, kamar kashi ɗaya cikin takwas na inci zuwa kwata, don ido ya hau tsakiyar bututu ba tare da an kwantar da kai ba. Mai faɗin fuska ko faɗin ƙirji yana bukatar fiye da haka. Idan bai samu ba, katako yana ture fuskarsa hagu, harbinsa ya riƙa tafiya hagu. Bahago kuma akasin haka yake bukata, kuma sau da yawa bahagon da ya sayi bindigar na-dama yakan yi shekaru yana zargin hannunsa.

Na ƙarshe shi ne kwanciyar gindin ƙota a kafaɗa. So ake dukan faɗinsa ya zauna a jiki. Idan tsinin ƙasa ne kaɗai yake soke ka a ƙirji, bindiga takan zame ta kuma yi tsalle sama. Mai kaurin ƙirji ya fi fama da wannan.

Ka lura awon nan a sarƙe suke. Doron ƙota gangare ne, gaba ya fi tsayi. Idan ka rage tsawo, kuncinka zai matsa gaba inda katako ya fi tudu, idonka ya hau sama. Ke nan kafintan da ya cire maka inci guda ya canza maka wurin da bindiga take harbi, shi bai sani ba, kai ma ba ka sani ba.

Abu biyu da za ka fara gyarawa a jikinka

Na farko ido. Kusan kowa yana da idon da ya fi rinjaye, kuma ba dole ne ya zama ɓangaren hannun da yake ci da shi ba. Ka buɗe ido biyu, ka nuna wani abu mai nisa da yatsa, misali kan hasumiyar masallaci. Rufe idon hagu. Idan yatsan yana nan a kan abin, idonka na dama ne shugaba. Idan ya yi tsalle gefe, na hagu ne. Ka maimaita da ɗaya hannun, ka kuma sake gwadawa da yamma idan ka gaji, domin a wurin wasu rinjayen yana sauyawa da gajiya ko da shekaru. Tsakanin idanun mutum kusan inci 2 da rabi ne. Ka ninka wannan da lissafin da na ba ka, za ka ga cewa mai harbi da kafaɗar dama da idon hagu yana iya kauce wa tsuntsu da fiye da yadi guda tun a nisan yadi 16. Babu sassaƙar da za ta cike wannan. Maganinsa ɗaya daga cikin uku ne: ya runtse idon hagu daidai lokacin da ƙota ta taɓa kunci, ko ya manna ɗan farin salatif a gilashin tabarau daidai inda idon hagu yake hango bakin bindiga, ko in sabon shiga ne ya koma harbi da kafaɗar hagu. Idan kuma ganinka ne ya fara raguwa, wannan aikin likitan ido ne, ba nawa ba.

Na biyu shi ne yadda kake ɗaukar bindigar. Nan ne mutane ba sa son a daɗe, amma nan ne aikin yake. Ba a iya auna wanda yau ya ɗora ƙota nan, gobe can, domin duk awon da aka ɗauka na ɗorawa ɗaya ne kawai. Ka buɗe bindigar a gaɓarta, ka leƙa bututu biyun da idonka ka tabbatar babu komai, ka ajiye harsasai a wani ɗaki daban. Tsaya gaban madubi, ƙafar hagu a gaba, nauyinka a kanta, gindin ƙota a ƙasan hammata kaɗan, bakin bindiga daidai tsayin ido. Hannu biyu su tashi tare, hannun gaba yana jagora. Ƙota ce za ta zo ta sami kunci, kafaɗa ta biyo ta tare ta. Kai ba ya sauka neman katako. Ka rufe ido ka ɗora, sannan ka buɗe ba tare da ka motsa ba. A madubi ya kamata ka ga ƙwayar idonka ta dama zaune a kan tsakiyar bututu, kamar an ɗora ta. Idan rabinta ya ɓuya, doro ya yi ƙasa. Idan har fatar ƙarƙashin idon kake gani, ya yi sama. Idan ta koma gefe, karkata ce.

Da dare kuma kana iya sa ƙaramar tocila mai tsinin haske a bakin bututu, ka riƙa bin layin da bango ya haɗu da silin kana ɗorawa. Hasken zai nuna maka duk rawar da bakin bindiga yake yi. Minti goma a rana na wata ɗaya ya isa ya sauya mutum. Ka rufe labule, kada maƙwabta su hango ka da bindiga ta taga, ka san halin gidan haya a Agege.

Ka yi wannan da rigar da kake farauta da ita. A zafin Legas yawancinmu 'yar shara ce ko riga marar kauri, wadda ke nufin ƙota tana bukatar ɗan ƙarin tsawo fiye da ta wanda yake harbi cikin kwat, kuma dukan baya yana shiga jiki sosai. Idan kana zuwa gida Arewa farautar rani lokacin hunturu kana sa rigar sanyi, ƙotar da ta yi maka daidai a Epe za ta yi maka tsawo a can. Maganin shi ne takalmin roba na ƙota da ake sawa a cire.

Gwajin takarda

Idan ɗorawarka ta zauna, sai a je ga shaida. Gwanayen Ingila suna harbin faffaɗan allon ƙarfe da aka shafa wa farin fenti. Ni ina ba mutanenmu shawarar babban kwali ko takarda mai faɗin aƙalla ƙafa 4, domin ƙarfe yana maido da dalma. Ka nemi wuri a daji mai tudun ƙasa a baya, nesa da gidaje da gonaki da hanyar ruwa inda masunta ke bi, da izinin mai wurin da sanin mahukuntan ƙauyen, lasisinka a aljihu. Ka sa tabarau da abin toshe kunne.

Ka yi alama baƙa a tsakiyar kwalin, ka auna yadi 16 daga idonka zuwa gare shi. Kada ka yi saiti. Ka zuba wa alamar ido, ka ɗago bindiga yadda za ka ɗago wa fakara, ka harba da zarar ta zauna a kunci. Ka maimaita sau biyar ko shida a kan kwali ɗaya da bututu ɗaya, wanda bakinsa ya fi matsewa, har rami ya fito fili. Wannan nisan ba a banza aka zaɓe shi ba. A yadi 16, kowane inci 1 na kaucewa yana nufin gyaran kashi ɗaya cikin 16 na inci a ƙota, wato kamar milimita 1 da rabi. Ramin ya faɗi inci 4 hagu da alamar, ana bukatar a matsar da idonka dama da kwatan inci. Ya faɗi inci 2 ƙasa, a ɗaga doro da kashi ɗaya cikin takwas. Idan kuwa harbin ya warwatsu, wannan nan wancan can, to ba a kai ga maganar ƙota ba, ka koma gaban madubi.

Ga tsuntsu mai tashi an fi son kashi 60 na dalma ya faɗi saman alamar, 40 ƙasa, saboda tsuntsun yana hawa kuma kana son ka riƙa ganinsa a kan bakin bindiga. Wanda yawancin farautarsa ta ƙasa ce, zomo da gyazbi, rabi da rabi ya fi masa.

Ka ƙara gwaji ɗaya. Ka ɗora bindigar a kan buhun yashi, ka yi saiti a natse, ka harba kowane bututu a kwalinsa. Idan na dama da na hagu ba sa zuwa wuri ɗaya, ko duka biyun suna kaucewa duk da saitin kirki, laifin yana jikin ƙarfe. Aikina katako ne da jikin mai harbi, ƙarfe kuwa sai ƙwararren mai gyaran bindiga.

Aikin gwani, da yadda za a yi a nan

Abin da ka gani a YouTube gaskiya ne, kuma tsohuwar sana'a ce. Gwanin yana da bindigar gwaji wadda ƙotarta take da gaɓoɓi da kusoshi, ana tsawaita ta, a ɗaga, a karkata da makulli. Yana kallon tsayuwarka, ya duba idonka, ya sa ka harbi allo, ya gyara, sannan ya sa ka harbi faifan yumɓu da inji yake cillawa ta kowace fuska. A ƙarshe ya rubuta maka awonka a takarda, wadda za ka iya kai wa duk mai aikin ƙota. A Landan, Holland & Holland da West London Shooting School suna cikin waɗanda suka shahara da wannan. Idan Allah ya sa kana tafiye-tafiye, za ka iya zuwa a auna ka da bindigarsu ka dawo da takardar kawai, ba sai ka shiga wahalar fitar da taka daga ƙasa ba.

Abin da na fi cin karo da shi a nan shi ne mai gyara wanda ya iya ƙarfe da katako amma bai taɓa kallon mai bindigar yana harbi ba. Don haka aikin aunawar yakan dawo kanka da wani tsohon maharbi mai ido da zai tsaya a bayanka. Hakan yana yiwuwa, domin taka bindigar za ta iya zama bindigar gwaji da kayan da ba su kai kuɗin kwalin harsashi ba. Doro ya yi ƙasa, ka yanka kwali ko fata ka ɗora falle-falle kana ɗaurewa da salatif har ramin ya hau inda kake so. Kana zargin tsawo, ka kwance farantin gindin ƙota, wanda sau da yawa shi kaɗai yake rage maka kwata ko rabin inci, ka gwada ɗorawa a gaban madubi, sannan ka harba kaɗan da harsashi marar nauyi. Kwanciyar gindi kuma ana gwada ta da sa washa (ɗan zoben ƙarfen da ake sa wa kusa) ɗaya ko biyu a ƙarƙashin farantin, wajen kusar sama ko ta ƙasa. Ka yi farauta da wannan gyaran wucin gadi na 'yan makonni. Abin da ya tabbata a daji shi za a mai da na dindindin.

Wajen na dindindin ne doka ta shigo, kuma a nan shawarar abokinka ta fi rauni. Dokar Makamai ta Najeriya, wadda asalinta na 1959 ne, ta sa bindigar farauta irin taka cikin waɗanda Sufeto Janar na 'yan sanda yake ba da lasisinsu, kuma sana'ar gyaran su ma sai da izini. Saboda haka wurin dila mai rajista ko mai gyara mai izini za ka kai, ba shagon kafinta ba. Idan ba ka san inda suke ba, ka tambaya a sashen kula da makamai na rundunar 'yan sandan jiha da ke Ikeja. Dokar ta kuma hana rage bututun irin wannan bindiga ƙasa da inci 20, don haka duk wanda ya ce zai gajarta maka bututu don ta yi sauƙin juyawa a kurmi, ka ɗauki kayarka ka tafi. A 2023 rundunar ta sanar da dakatar da ba da sabon lasisi, wanda ya ƙara sa ya kamata mai bindiga ta halal ya riƙe tasa da kyau, ya kuma tabbatar takardunsa ba su ƙare ba.

Idan za a rage tsawo, a rage kaɗan-kaɗan, kwatan inci a lokaci guda, a lissafa kaurin robar da za a sa a gindi, kuma ka karɓi guntun da aka yanke ka ajiye. Idan karkata ce ake so, hanya biyu ce. Ko a fafe gefen doron inda kunci yake kwanciya, ko a lanƙwasa ƙotar a wuyanta da zafi, inda ake naɗe wuyan da ƙyalle ana zuba mai mai zafi har katako ya yi laushi, a matsa shi a hankali a bar shi ya huce. Wannan aikin ƙwararre ne na gaske. Katako yana iya tsagewa, yana iya komawa yadda yake bayan wani lokaci, kuma ƙotar da doguwar kusa ta ratsa cikinta, kamar yawancin na zamani, ba ta lanƙwasuwa da yawa. Ga mai faɗin fuska irinka, fafewa kaɗan ta fi aminci.

Tsofaffin bindigogi da yawa a hannun mutanenmu an riga an sake musu ƙota da maɗaci ko wani katakon gida. Ba laifi ba ne in an yi da kyau, amma ka duba jijiyar katakon ta bi tsawon wuyan ƙota a miƙe. Idan ta gitta, nan za ta karye wata rana.

Laima da iskar gishiri

Legas tana da nata sharrin ga bindiga. Laimar damina tana kumbura katako, iskar teku tana kawo tsatsa, sai mutum ya riƙa zuba wa ƙarfe mai kamar ba gobe, ya jingine bindigar gindi a ƙasa. Man ya gangaro ya jiƙa kan ƙota inda ta haɗu da ƙarfe, katakon ya yi baƙi ya yi laushi, ƙota ta fara motsi. Ƙotar da take motsi awonta ya tashi daga aiki. Ka shafa mai kaɗan, ka ajiye ta baki ƙasa a cikin akwati mai kulle, kada ka bar ta cikin jakar da ta jiƙe. Duk inda aka yanka ko aka fafe a shafe shi da man katako nan take kafin ya sha ruwa. Idan ka rufe bindiga ka ji bututu yana girgiza a jikinta, ka daina harbi da ita sai an gyara.

Ka duba harsashinka ma. Wani dukan ba na ƙota ba ne, na nauyin harsashi ne. Tsohuwar ƙa'idar maƙeran Ingila ita ce bindiga ta ninka nauyin dalmarta sau 96, wato harsashi mai giram 32 yana son bindiga mai kusan kilo 3. Ga fakara da kurciya, giram 28 zuwa 30 na dalma lamba 6 (lambar girman 'ya'yanta) ya wadatar, zabo kuma lamba 4 ko 5. Ka karanta tsawon ɗakin harsashi da aka buga a jikin ƙarfe. Kada ka sa mai milimita 76 a ɗaki mai 70, ko mai 70 a tsohuwar bindiga mai 65, ko da ya shiga.

Iyakar abin da aunawa take yi shi ne ta sa bindiga ta harbi inda kake kallo, ta kuma daina cutar da kai. Ba ta koya maka ba tsuntsu gaba. Zabon da yake gittawa a yadi 30, idan ka harbi inda yake, dalma za ta isa bayan ya wuce, sai ka bi shi da bakin bindiga, ka wuce kansa, ka harba ba tare da ka tsayar da hannu ba. Ba ta kuma ƙara wa bindiga nisa, abin da ya wuce yadi 35 zuwa 40 ka ƙyale shi. Ni ma ba zan iya ba ka awonka daga rubutu ba, sai na gan ka tsaye da ita. Hasashena shi ne za a rage maka tsawo da kamar rabin inci a kuma ba fuskarka wuri a gefen doro, amma kwalin nan na yadi 16 ne zai tabbatar ko ya ƙaryata ni. Idan ka yi gwajin, ka ɗauki hoton kwalin da rula a jikinsa, da hotonka daga gefe kana ɗore da bindigar babu harsashi, ka turo mu duba tare.